Ba Wanda Ya Hau Soron

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Yusha'u a Batsari zuwa ga yayana Haliru a Babban Duhu. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya sharar gona, yaya zafin bazara, yaya shanu? Ina fata kana lafiya. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. Iyalinka ma lafiya, kullum ina jiyo dakan Bara'atu ta bayan katanga.

Bayan haka, Yaya, maganar soro ce, na kuwa san tun yanzu ka ɗaure fuska. Da aka raba gadon Baba, gida ya faɗo hannunka, soron gishiri na bakin kasuwa ya faɗo nawa, bango ɗaya muka haɗa. Ka san yadda Baba yake yi kowace bazara. Magini zai hau ba takalmi, ya taka rufin daga kusurwa zuwa kusurwa yana jin inda ya yi laushi. Ya cire ciyawa, ya share indararo, ya sauko ya bubbuga azara ta ciki don a ji ko gara ta shiga. Sannan a jiƙa makuba a yi yaɓe. In an yi ruwan farko a sake hawa a ga inda ruwa ya kwanta. Da haka soron nan ya girme mu duka.

Bara Sahabi magini ya hau. Kafin ya taka tsani ya yi sallama da ƙarfi yadda aka saba, ya ce za a hau soro, mata su shiga ɗaki. Bara'atu tana daka ba ta ji ba. Ka shigo ka ga mutum a sama, matarka a tsakar gida, ka dafa Alƙur'ani a gaban Inna ka rantse cewa duk ranar da na sake sa wani ya hau soron nan, ni da kai mun raba zumunci. Yaya, Sahabin da ka zarga da kallo hakiya ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai ka yi magana yake gane ka.

Ina roƙonka ka janye. Safiya ɗaya ta isa. Iyalinka su wuni a gidana, a hau, a gyara, a sauko. Gishirin Mamman Ba'azbine ne cike da soron, amana ya bar mini har ya dawo daga Kano, kuma ba sai na gaya maka abin da ruwa yake yi wa gishiri ba.

Ka ba Jafaru mai jakuna amsa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Yusha'u

*

Da sunan Allah.

Daga Yusha'u zuwa ga Yaya Haliru. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta shanunka, tunda na ga su ne a gabanka. Mu nan lafiya.

Jafaru ya kawo amsarka da baki, ko arzikin takarda ban samu ba. Ya ce ka ce rantsuwa rantsuwa ce, kuma in ina son gishiri ya bushe in sa shi a ɗakin matata. Ya faɗa yana sunkuyar da kai, shi ya ji kunyar da kai ba ka ji ba.

Na je wajen Malam Uwaisu. Ya ce rantsuwar da za ta kai ga yanke zumunci karya ta ya fi alheri, a ciyar da miskinai a yi kaffara. Geron ni zan bayar daga rumbuna, ba ka da asarar ko zangarniya. Na je wajen mai gari, ya ce tsakanin wa da ƙane ba ya shiga alhali uwarsu tana raye. Na je wajen Inna, ta yi ta kuka, ta ce in yi haƙuri har ka dawo. To yaushe za ka dawo? Kowa ya san ba ka baro Babban Duhu sai an gama noman farko.

Bari in gaya maka abin da ake gani daga ƙasa, tunda sama ka haramta mana. Ciyawa ta yi tsayi a kan rufin har 'yan kasuwa suna tambayata ko kiwo na fara a can. Wani ɗan tsiron cediya ya fito a bakin indararo, tsuntsaye kuma sun cusa sheƙa a ciki. Ta cikin soron akwai tsaga mai tsawon hannu daidai inda azara ta hau bangonmu. Sahabi ya tsaya ya ɗaga sanda ya bubbuga, ya ce can ne ruwa zai taru.

Indararon nan duk ta wajenka suke zubarwa, ka sani. Na so in zura gora daga tsakar gidanka in buɗe su, Bara'atu ta ce ba ta da ikon shigar da namiji ba ka nan, kuma gaskiyarta. Ita da kanta ta ɗauki gorar ta hau turmi ta yi ta zungura, ba ta kai ba. Matar da kake cewa kana karewa ta fi ka sanin inda haɗarin yake.

Ni na san ba kishi ne kaɗai ba. Tun ranar rabon gado kake jin zafin soron nan bai zo hannunka ba. Ka faɗa a fili mana, ka daina ɓuya a bayan Alƙur'ani.

Gabas ta fara haɗa hadari da yamma. Ina jiran amsa.

Ƙanenka, duk da haka,
Yusha'u

*

Yaya Haliru, gaisuwa. Ina fata kana lafiya, don shirunka bai nuna mini komai ba.

An yi ruwan farko. Ku can kuna murnar shuka, ni nan ina tara ƙwarya a ƙarƙashin yoyo. Ko ɗigo bai fito ta indararo ba, duk yana kwance a sama. Na kwashe abin da ɗakin matata zai ɗauka na gishirin Mamman, har ta koma kwana wajen Inna, ka ga na bi shawararka. Sauran ba inda zan kai shi. Rumfunan kasuwa na kara ne, sun fi soron yoyo.

Jiya haƙurina ya ƙare. Na ɗauko tsani na jingina, na tuɓe takalmi zan hau da kaina. Inna ta jawo ƙafarta mai ciwo ta zo ta zauna a gindin tsanin. Ta ce, "Sai dai ka taka ni. Ban haife ku don in ga kun rabu ina raye ba." Na ɗauke tsanin. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji naka a lokacin ba.

Kalma ɗaya nake nema. Ka ce a hau.

Yusha'u

*

Da sunan Allah wanda ba ya zalunci.

Daga Yusha'u zuwa ga Haliru. Gaisuwa, domin Musulunci ya wajabta ta. Ina fata gonarka ta tsira da kyau.

Ranar kasuwa bayan azahar aka yi ruwa mai ƙarfi. Da ya ɗauke, mutane suna fitowa daga rumfuna, sai rufin ya tafi. Daidai tsagar nan ya karye, bangon da ya sha ruwa ya kwanta cikin tsakar gidanka, ya ja katangar da ke fuskantar kasuwa suka faɗi tare. Allah ya kiyaye, ba rai ko ɗaya. Bara'atu tana ɗakin girki, yara suna ɗakin kwana.

Gishirin da ya rage a soron ya narke ya bi ruwa ya gangara rijiyarka. Na ɗanɗana, ko jaki ba zai sha ba. In Mamman ya dawo zan tsaya a gabansa in gaya masa amanar da bai taɓa rasawa a hannun Baba ba ta salwanta a hannuna. Daga bana Azbinawa za su nemi wani masauki, sunan da Baba ya bari a kasuwar nan kuma ya bi ruwan.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Da ƙura ta kwanta, kasuwa guda ta juyo tana kallon cikin gidanka: mahauta, masu jakuna, Fulanin da suka kawo nono, har baƙin da ban san su ba. Bara'atu ta fito da ɗan zane ɗaya tana neman yara, ba ta san ba katanga ba sai da ta ɗaga kai. Sahabi ne ya fara juya baya, ya yi wa mutane tsawa su kau da ido. Ni na tuɓe rigata na rufa mata, na kai su gidana. Suna can, ba za su rasa ci da sha ba, kuma ba don kai nake yi ba.

Inna kuwa tun ranar kullum tana wurin. Tana zaune a kan tarin ƙasar tana tsince guntayen azarar da Baba ya sa da hannunsa.

Na haƙura da hawa don kada in rasa wa. Yau na duba, ba soro, ba amana, wan ma ban ga inda yake ba. In ka dawo ka aiko a ɗauki iyalinka, kada ka tako ƙofata.

Ka kwantar da hankalinka a kan abu ɗaya. Ba wanda ya hau soron. Rantsuwarka tana nan lafiya lau, ita kaɗai ce ta tsira.

Wassalam.

Yusha'u, ɗan mahaifinka