Mijina Ya Zama Kwamandan Kwale-kwale

Gwaggo Asibi, don Allah ki taimake ni, kaina ya ƙulle. Mijina Kamilu masunci ne a bakin dam ɗin Tiga, mutum mai sanyin hali, ko kaza ba ya kora. Bana aka yi ta yanke musu taru cikin ruwa, suka ce masuntan tsallake ne. Ana cikin haka sai ga wani dattijon garinmu, Baba Ukasha, ya dawo gida daga Legas, wai ya yi ritaya daga sojan ruwa. Wasu sun ce girki yake yi a jirgin, ni dai ban sani ba. Tun da ya zo ba mu huta ba.

Kullum bayan la'asar yana zana musu dabarun yaƙi a ƙasa da tsinke. Wai manyan ƙasashe ba sa fara harbi, sai su jera jiragen yaƙi su tare hanya, abinci ya daina isa wurin abokan gaba. To haka za su jera kwale-kwale su hana mutanen tsallake kawo kifi kasuwa. Kwale-kwalenmu, wanda kullum sai an kwarfe masa ruwa da kwano, shi ne wai uwar jirage! An ɗaura masa tsohon ɗankwalina a matsayin tuta. Kamilu kuma kwamanda, har sara masa ake yi.

Da farko dariya nake yi. Jiya na ga ana ɗora adduna da gwafa a kwale-kwale, dariya ta ƙare. Gwaggo, yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana cikin masuntan tsallake, kuma ba shi da haƙuri ko kaɗan. Ranar kasuwa mai zuwa su Kamilu suka sa za su tare hanyar. Na yi magana, an ce mace ba ta san yaƙi ba. Wallahi tsoro nake ji.

Matar Kwamanda, daga Bebeji

'Yata, ki gaishe min da rundunar ruwan Bebeji, Allah ya ƙara wa kwano lafiya.

Mijinki yana da gaskiya a abu ɗaya: taru dukiya ne, wanda aka yanke wa dole ransa ya ɓaci. Amma wa ya ga hannun ɗan tsallake? Zargi kawai ake yi, a kansa za a fita da adda.

Shi kuwa Baba Ukasha rabin karatun ya ba su. Jirgin yaƙi ƙarfe ne, yana da rigunan ceto da likita, da wani jirgin da zai tsamo wanda ya faɗa. Naku katako ne mai yoyo, mutum biyu suka miƙe tsaye a ciki ya kife. Ki kuma tambaya ko Baba zai shiga ruwan, ko daga gindin bishiya zai ba da umarni.

Kada ki jira ranar kasuwa. Yau ki sami mahaifin Kamilu, ku je wurin sarkin ruwa da mai gari, a kira na tsallake a zauna kan maganar tarun. Ki buga wa yayanki waya ki roƙe shi ya zauna a gida. Wannan ba tona asirin miji ba ne.

Sannan ki zaunar da kwamandan, ba tsawa. Ki gaya masa wanda ya nutse ba a sallatarsa ran nan, sai an yi ta zaman jira a bakin ruwa. Ya faɗa miki gawar wa yake so ki jira, tasa ko ta yayanki.

Allah ya sanyaya zukata, ya bar miki su duka biyun.