Taɓaryar Inna Tana Nan, Yaya

Zuwa ga Yayana Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama a makwancinka. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma ba ni da wanda zai gane wannan magana kamarka. Yaya, tsoro nake ji. Ɗana, takwaranka, ya fara ɗaga ƙarfe.

Ka bar shi yana rarrafe, yanzu sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Yana karatu a jami'a, kuma in an tashi sai ya biya wani lungu a unguwar Zogona, bayan masu sayar da abinci, inda samari suka tara gwangwanayen siminti da ƙarafunan tsofaffin motoci. Babu babba a cikinsu. Malaminsu telefon ne. Su kalli wani ƙato a ciki, su kwaikwaya, wanda ya fi ɗaga nauyi shi ne gwani.

Ran nan na wuce a bayan moto, wato babur, na hango shi. Ƙafafu a miƙe, baya a lanƙwashe kamar mai neman allura a ƙasa, ya riƙe numfashi har jijiyar wuyansa ta fito, ya fizgo ƙarfen da ƙarfin tsiya. Abokansa suna tafi. Ni kuwa na kau da kai, don na taɓa ganin wannan sunkuyon.

Ka tuna filinka a unguwarmu Zangouettin, wato Zango, bayan shagon goron Baba? Duk saurayin da ya zo koyo, ba ka barinsa ya taɓa ƙarfe. Tsohuwar taɓaryar Inna kake miƙa masa. Ka ɗora masa ita a gadon baya, sai ta taɓa ƙeya da tsakanin kafaɗu da ƙugu, sannan ka ce ya durƙusa ya tashi. In ta rabu da ɗaya, a sake. Mu 'yan mata muna leƙe ta katanga muna ƙyalƙyala dariya, ƙarti da taɓarya.

Har yanzu ina jin muryarka: "Gwiwa ke ɗauka, ba baya ba. Ka matso da kaya jikinka, ka saki numfashi." In wani ya yi gaggawa, ka ce masa da Mosanci, "Bilfu-bilfu," a hankali a hankali.

Ɗanlami maƙwabcinmu ne kaɗai ya ƙi. Ya ce shi bai zo daka ba. Ya koma garejin manyan motoci yana ɗaga ƙarfe yadda ya ga dama. Da farko ya riƙa cewa ƙafarsa ta hagu kamar tururuwa na yawo a ciki. Ka je har gida ka roƙe shi ya huta ya ga likita, ya yi maka dariya. Ranar da ya sake ɗagawa, a kan ƙyauren ƙofa aka kawo shi.

Kai ba ka ga rusau ba, Allah Ya ɗauke ka kafin nan. Ni na gani. Da aka zo rushe Zango kowa ya fita da ƙafarsa, Ɗanlami kuwa a amalanke aka fitar da shi, tsakanin tukwane da tabarmi. Wannan mutumin da yake ɗaukar huhun goro shi kaɗai.

Na ba takwaranka wannan labari. Ya rungume ni yana dariya, ya amsa min da Faransanci wai babu matsala, wai na cika tsoro. To, na cika. Ai ni ke wanke masa riguna, ni ke jin warin man zafi a jikinsu. Ina ganin yadda yake zama kafin ya sa takalmi, yadda yake dafa bango in zai tashi daga tabarma.

Jiya da la'asar ya tsaya salla a tsakar gida. Da ya zo ruku'u ya tsaya a rabi, ya ciji leɓe, ya ƙarasa a zaune. Da ya sallame na tambaye shi, ya ce ba komai, ƙafarsa ce kawai kamar tururuwa. Yaya, wallahi a labarin da na ba shi ban taɓa ambaton tururuwa ba.

Asabar mai zuwa suna da gasa a lungun nan. Ya ce zai bi ni wurin likita, amma sai bayan gasar. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka. Da kana nan, kallo ɗaya za ka yi masa ya ajiye.

Taɓaryar Inna tana nan. Ranar rusau na bar kaya da yawa, ita ban bar ta ba. Yau na ciro ta daga ƙarƙashin gado, na goge, na gindaya ta a bakin ƙofarsa. In ya dawo zan ce ya juya, in ɗora masa ita a baya da hannuna, in faɗi abin da kake faɗa, ya ji da kansa inda bayan ya kauce. Daga nan sai likita, kafin Asabar. Ban sani ba ko zai tsaya ko zai tsallake ta ya shige.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da alheri kan kowane baya da ka miƙar. Shi kuma mai sunanka, Allah Ya sanyaya masa zuciya, Ya sa duk inda ya tafi ya dawo min da ƙafarsa. Amin.

Taka har kullum,
ƙanwarka Hadiza