Lallen da Ya Ƙi Fita

Litinin, 3 ga Fabrairu
Yau ma hoton Rosmini a jarida, tsamo-tsamo cikin ambaliya, ruwa har gwiwa, tana riƙe da hannun wata tsohuwa. Ni da na shekara goma sha wani abu a majalisar birnin Makassar ina haƙilo kan waɗannan magudanan ruwa, ko inuwata babu. Yarinyar da na tsinto tana soya jalangkote a bakin kasuwa, na koya mata yadda ake riƙe lasifika! Ranar sha tara jam'iyya za ta fid da mace ɗaya takarar mataimakiyar magajin gari. Ko ni ko ita.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Rosmini ta shigo zauren majalisa da sabon mayafin siliki. Kalar ba ta karɓe ta ba. (Ta karɓe ta.)

Lahadi, 9 ga Fabrairu
Mijina Daeng Nompo yana shan romon coto ya ce, "Yarinyar nan taki akwai baki, Kanang." Na ce taka dai. Ya yi dariya har ya ƙware. Ban miƙa masa ruwa ba.
Kishi nake yi, na faɗa. Ai ba mai karanta wannan.

Talata, 11 ga Fabrairu
Puang Tenri, matar shugaban jam'iyya, ta kira ni gidanta. 'Yarsu za ta yi aure, ranar Juma'a za a yi mappacci, wato sa wa amarya lalle a tafin hannu. Kowa ya san ba a kiran kowa da kowa, sai manya masu zaman lafiya a gidajensu, don amarya ta ɗebi albarka. Ta ce, "Daeng Kanang, ke kika san mutane, wa da wa za a kira?" Da ta ambaci Rosmini sai na gyara zama, na ce, "Puang, ni ba ruwana, amma kin san mijinta ya tattara ya koma Parepare tun bara. Tsofaffi za su yi magana."
Ta ce, "Af, na manta."
Ban yi ƙarya ba. Al'ada ce, ba ni na ƙago ta ba. Duk masu zaɓen ranar sha tara za su zo, su ga wadda aka kira da wadda aka bari a kujera.

Juma'a, 14 ga Fabrairu
Na dawo. Kaina ciwo yake.
An zaunar da amarya, hannuwanta a buɗe kan matashi da ganyen ayaba, kyandirori na ci. Mai sanarwa ya fara kiran suna. Ina satar kallon Rosmini. Aka kira na biyu, na uku, aka kira ni. Na ga lokacin da ta gane, wuyanta ya ɗan sunkuya. Raina ya yi fari ƙal, Allah na tuba. Na ɗauka za ta ɗauki jakarta ta sulale.
Ina! Takalmi ta cire. Ta je ta karɓi kwanon wanke hannu da tawul daga wata baba da ke ta rawar ƙafa, ta ce, "Baba, huta, ƙafata ta fi taki sabunta." Ta durƙusa a gefen amarya. Duk babban da ya sa lalle sai ya miƙa mata yatsu ta wanke, tana tsokanarsa. Shugaba da kansa ya ce, "Kansila guda a ƙasa?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, a nan ne ake ganin wanda hannunsa ke da datti." Wuri ya kaure da dariya.
Da na miƙa nawa ta riƙe, ta ɗan daɗe. A hankali ta ce, "Yaya, ke kika ce min in aka hana ni kujera in nemi tsintsiya. Kin tuna?" Idonta ya yi ja, amma tana murmushi. Ta sani.
Na fizge hannuna kafin ta gama wankewa.

Asabar, 15 ga Fabrairu
Lallen ya kama yatsuna, ja wur. Na goga lemun tsami, na goga toka. Daeng Nompo ya ce da na bari an wanke min. Wa ya tambaye shi?
Sai yau na tuna dalilin tafiyar mijin Rosmini. Ni na dinga jan ta taro har ba ta kwana gida.

Laraba, 19 ga Fabrairu
An yi zaɓe, da ɗaga hannu. Mun yi kunnen doki, saura ƙuri'ata, don 'yar kwamiti ce ni, Rosmini kuwa a waje take jira. Aka sake kiran sunanta. Hannuna ya tashi. Ban san me ya same shi ba, wataƙila kafaɗata ce ta sage. Kowa ya zuba wa jajayen yatsuna ido.
A bakin ƙofa ta rungume ni tana kuka. Na ce ta sake ni, tana ɓata min riga.
Har yanzu ba ta iya rufe jawabi ba, sai ta yi ta zuba kamar famfon da ya lalace. Na ce ta zo gobe da safe in koya mata. Kuma kada ta sa mayafin nan.