Zoben Zinaren Nan Na Wane Ne, Kausar?

Sterling, Virginia
Afrilu, 2012

Zuwa ga sanyin idona, yayyafin farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, Kausar, wadda murmushinta ya fi furannin bakin kogin Potomac haske, wadda muryarta ta fi kukan kurciyar safiya taushi. Ina yi miki sallama, sallamar masoyin da abinci ya daina yi wa daɗi.

Kin tuna Asabar ɗin da na ɗauko ki daga asibitinku muka tafi Takoma Park, shagon tsohon maƙerin nan Bartholomew? Ke kika nuna mini zoben aure irin na mutanen Ireland, mai zanen igiyar da ta sarƙe kanta, ba a ganin farkonta balle ƙarshenta. Kika ce kamar dagin da ke ƙirjin babbar rigar Baba a Zariya. Na ce zoben aure ba al'adarmu ba ce, kika ce a ƙasar nan hannun da ba zobe kallon na kowa ake yi masa. Na sallama. Yaushe na taɓa iya musu da ke?

Tsohon ya baje mana ƙarafa a kan baƙin ƙyalle. Ya ce azurfa tana da taushi, zanen zai goge da shekaru. Ya ce akwai wani ƙarfe mai taurin gaske, amma in yatsa ya yi ƙiba ba a iya buɗa shi. Sai ya turo mini farin zinare, wai a ido kamar azurfa yake. Kafin in buɗe baki kika tare shi, kika ce mijinki Musulmi ne, zinare ba ya hawa hannunsa, fari ko ja. Mijinki! Wallahi da wannan kalmar na tuƙa mota har gida, ban san sanda na wuce filin jirgin Dulles ba. Muka tsaya a kan azurfa gare ni, jan zinare gare ki.

Ranar Talata tsohon ya kira ni in zo a sake gwada yatsana. Yana cikin gwaji ya ce mini, a zatonsa na sani, ɗaya zoben da kika dawo kika sa a ƙera shi ma ya kusa. Ya fito da shi. Zoben namiji, mai faɗi, jan zinare tsantsa, da sarƙar nan tamu a jikinsa. Na zura shi a yatsana ya zame ya faɗi a kan tebur. Tsohon ya dubi fuskata, ya ɗauke zoben, ya kama zancen ruwan sama.

Ya hasken raina, na wane ne? Ba nawa ba ne, ke da bakinki kika haramta mini shi. Babanki ba zai sa zinare ba ko za a yanka shi. Ba ki da wa, ba ki da ƙane. To wane namiji ne wannan da kika san kaurin yatsansa?

Tun ranar abubuwan da ban kula da su ba suke dawo mini. Ba ki tambayi hanyar shagon ba, ke kike nuna mini kwana. Tsohon ya kira sunanki kafin ki faɗa masa. Wayarki, da a da kike miƙo mini in amsa, yanzu a kife take zama a cinyarki. Ga likitan nan Alexander, abokin aikinki, wanda kika ce kakanninsa daga Ireland suka zo, wanda ya gaishe ni a walimar asibitinku hannunsa ya haɗiye nawa. Na yi istigfari, na ce Rilwanu, wataƙila aike ne, wataƙila wata ƙawarta ce ta roƙe ta. Amma ke da kike ba ni labarin har kalar takalmin da kika saya, me ya hana ki faɗa mini wannan?

Ban gaya wa kowa ba, ko Hajiyata da take ta haɗa lefe. Kawu Maitama, waliyyinki, ya riga ya yi magana da liman a kan ɗaurin aurenmu bayan Ƙaramar Sallah. Ni dai na ce wa tsohon ya dakata da azurfata tukuna.

Ranar Juma'a in an sauko zan tsaya a bakin masallaci, wajen da mata suke fitowa. Ki zo ki dube ni ki faɗa mini da bakinki, ba ta waya ba. In kika ce babu komai, zan yarda, kuma har in koma ga Allah ba zan sake tayar da zancen ba. In kuwa zuciyarki ta riga ta karkata ga wani, kada ki ji tsoron bakin mutane. Ni zan je gaban Kawu in durƙusa in ce ni na fasa, a zage ni a Zariya, a zage ni a nan, sunanki ya fita lafiya.

Naki, ko kin zo ko ba ki zo ba,
Rilwanu