Sarkin Barci a Gindin Inji

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ciwon bayan nan kuma ya sake ka. Mu lafiya lau, injin niƙa na aiki, Inna na gaishe ka.

Ɗanka Sarkin Barci ya cika shekara biyu, sunan kuma bai bar shi ba. Inji na ruri, shi yana sharar barci a kan buhu, mata masu kawo niƙa suna ta sa masa albarka. Wayo kuwa sai wanda ya gani. Ka san a shago ba mai jin wani, da hannu muke magana; to ya haddace kaf. In na nuna kwano ya ɗauko, in na kaɗa yatsa ya ja da baya.

Bakinsa ne ke damuna. 'Yar maƙwabciyarmu, sa'arsa, surutu take zubawa, ko da yake ruwa "luwa" take ce masa. Shi kuwa ko gwarancin da yake yi yana jariri ya daina. Inna ta ce kai ma sai da ka shekara uku ka buɗe baki, ga shi har yau ba ka rufe ba. Na yi dariya, amma hankalina bai kwanta ba.

Ka huta lafiya.
Matarka.

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa, ya aiki, ya jiki? Na sake rubutowa ne don a waya kuka zai ci ƙarfina.

Inji ya lalace makon jiya, shago ya yi tsit. Yaron na zaune ya ba ni baya. Na kira shi, bai juyo ba. Na ɗaga murya. Na buga faranti a ƙasa har Inna ta zabura, shi yana ta wasa da gari.

Na kai shi asibiti. Likita ta ce karkacewar harshe irin na 'yar maƙwabta ba komai ba ne, girma ke gyara shi. Abin tsoro shi ne jariri ya daina gwaranci, ko ya wuce shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, ko a kira shi bai waiwayo ba. Duka ukun suna tare da ɗanmu. An gwada shi, kunnuwansa biyu ba sa ji sai kaɗan. Ba ta san ko haka aka haife shi ba. Za a sa masa na'urar ji, a koya masa magana yana kallon baki, amma ta ce an makara ƙwarai, ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Inna ta daina cin abinci. Ni ma zuciyata ta karye.

Saƙonnin muryarka da nake kunna masa yana dariya, ashe hasken wayar yake wa dariya. Bai taɓa jin ka ba. Don Allah ka nemi hutu ka dawo, ya ga bakinka lokacin da kake kiran sa.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Matarka.