Abin Da Gafiya Ta Sansano, Yaya Habibu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Habibu.

Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Shekara huɗu ina rubuta ta a zuci, sai yau, a wannan hutun da na zo, na zauna a tsakar gidanmu na Ƙofar Mata na sa ta a rubuce. Duk wanda ya karanta, ina roƙon ya sa ka a addu'a.

Ka bar ni ina aikin gwajin jini da kaki a wani ɗan asibiti na cikin gari. Aikina na yanzu da kana nan da ka yi ta tsokanata: gafiya nake koyarwa. E, gafiyar nan da kuke kora da sanda idan ta ɓullo daga magudanar marina. Bayan rasuwarka na samu gurbin horo a wata ƙasa ta gabashin Afirka, inda ake koya wa gafiyoyi aiki da hanci. Wasunsu nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi suke nemowa, don nauyinsu bai isa ya tashi nakiya ba. Wasu kuma hauren giwa da ake ɓoyewa cikin kaya. Ni sashen tarin fuka aka tura ni. Ban zaɓa ba. Da aka faɗa mini sai da na nemi wuri na zauna.

Ka tuna yadda tarinka ya fara? Abokan aikinka suka ce tokar rini ce, wasu suka ce warin baban rini ne da kake shaƙa a bakin karofi, ramin rininku, tun kana yaro. Ni na matsa maka ka kawo kakinka in duba. Ka zo da rana, ka miƙo mini kwalbar da hannun nan naka da shuni bai taɓa fita daga farcensa ba, kana ce wa mutanen layi, “Ku ba ni hanya, wajen likitar gidanmu na zo.”

Na shafa a gilashi, na sa a madubin gwaji, na duba. Layi ya yi tsawo ranar, Yaya. Na duba, amma ban san ko na daɗe yadda ya kamata ba, kuma har in koma ga Allah ba zan sani ba. Na rubuta babu komai. Ka ninke takardar ka sa a aljihu ka ce, “Tunda Bilki ta ce ba komai, ai ba komai.”

Sai ka koma shan jiƙe-jiƙen da kake sayowa a kasuwar Kurmi. Riga ta fara yi maka yawa. Ka daina hawa keke saboda haki. Lokacin da muka kai ka babban asibiti, likitan ya daɗe yana kallon hoton ƙirjinka, sannan ya ce tarin fuka ne, ya riga ya ci huhu.

Gafiyata sunanta Laraba. Ana dafa kakin marasa lafiya a kashe ƙwayoyin cutar, a jera shi ƙarƙashin wasu ƙananan ramuka cikin akwatin gilashi, ita kuma ta bi tana sansanawa. In ta ji cutar sai ta tsaya ta kafa hanci. Ni kuma in danna wani ɗan ƙarfe ya yi ƙas, in ba ta ayaba. Wata da watanni muna haka har ta gwanance.

Wata safiya aka kawo mana kakin da asibitoci suka riga suka duba suka ce lafiya lau. Laraba ta wuce rami shida, a na bakwai ta tsaya cak. Na sake zagayo da ita, ta sake tsayawa. Aka maimaita gwaji da na'ura, cutar na nan. Aka nemo mai kakin aka ɗora shi a kan magani. Abokan aikina suna murna, ni kuwa na zagaya bayan ginin na durƙusa, ayabar tana hannuna na matse ta ban sani ba.

Sun ce mini madubi yakan rasa cutar idan ƙwayoyin ba su da yawa. Na sani, ni ma haka nake koya wa sababbi. Amma duk lokacin da ta tsaya a kan rami, yatsunka nake gani riƙe da kwalba. Wani lokacin ina aiki ni kaɗai sai in ji tarinka a bayana, mai kaurin nan da kake ƙarasawa da istigfari. Na daina waiwayawa.

Jiya bayan la'asar Inna na tsintar wake, na zauna kusa da ita na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba a gidan nan: ni na duba, ni na ce babu komai. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “Na sani. Shi ya gaya mini a asibiti. Ya ce in rantse ba zan taɓa tayar miki da maganar ba, wai ke yarinya ce mai sa abu a rai.”

Ashe ka san idona ne ya rasa cutar, Yaya. Duk kwanakin nan da nake zaune a gefen gadonka ina ba ka kunu a cokali, kana ce mini sannu, ashe ka sani.

Ban san yadda ake neman gafarar wanda ya riga ya yafe ba. Jibi zan koma bakin aiki.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya yafe mini abin da idona ya rasa. Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ƙanwarka,
Bilkisu