Ciyawa a Cikin Tsakuwa

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ina fitowa daga Juma'a a masallacin Huaisheng, nan ƙasar waje, na ga hoton filin ajiye tirela da ka turo. Ka ce ɗan kwangila ya gama, amma hankalina bai kwanta ba. Daidai ƙofar shiga, ciyawa ta fito cikin tsakuwa. Sati uku kacal! Da ya kwashe ƙasar sama ya zuba marmara ya daɓe, ba za ta tsiro ba. Ina zargin tsakuwa kawai ya watsa a kan gona. Ruwan farko, tirela mai kaya za ta kafe a nan.

Na sani, yanzu kwalin takalma nake ɗaurewa a kasuwar Zhanxi, an manta na karanta injiniya. To, kada ka yarda da ni. Ranar da ɗan kwangilar ba ya nan, ɗauki diga ka tona kamu guda a ƙofar. In ka ga marmara, ka ce tsufa ke damuna.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a.

Yayanka,
Habibu